Gyaran Fitilun Ciki da Rediyon Tsohuwar Mota: Abin da Mai Mota Zai Iya Yi da Hannunsa

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya



Lokacin da kwamitin shirya taro ya aiko mana da takarda cewa ana so mu yi magana a kan abin da ya shafi mota, mun ɗauka za a ce mu taɓo tsadar fetur ko halin da hanyoyinmu suke ciki. Da muka buɗe takardar sai muka ga abin da aka rubuta shi ne fitilar cikin mota da rediyo. Mun san ba za a rasa wanda zai ce a ransa, ana ta kai wa yake ta kaya? Muna roƙon irin wannan ɗan'uwa ya ba mu aron kunnensa na ɗan lokaci, domin ƙananan gyare-gyaren nan da ake rainawa suna cikin abubuwan da suka fi cinye kuɗin mai tsohuwar mota, wani lokaci ma su cinye motar ɗungurungum.

Sanin kowa ne cewa unguwanninmu unguwannin ma'aikata ne da 'yan kasuwa da malaman makaranta, mutanen da mota a wurinsu ba ado ba ce, ƙafa ce. Iyayenmu sun hau Peugeot 504 wadda kamfanin Kaduna ya fara haɗawa a 1975. Bayan su aka shiga zamanin motocin Beljiyam da ake shigowa da su ta Kwatano, su Golf da Carina da Vectra da Honda da Camry, har zuwa farkon 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Sakamakon haka shi ne, wanda a da yake sake mota duk bayan shekara huɗu ko biyar, yau ya rungumi wadda yake da ita. Mota ta koma kamar gidan gado, ba a sayarwa, sai dai a yi ta yaɓe. To, tunda zaman ya zama na dole, ba laifi ba ne mutum ya so cikin motarsa ya yi haske, ya kuma ji labarai ko karatu ba tare da ƙarar shuuu ta cika masa kunne ba. Kuma mafi yawan wannan aiki mai mota zai iya yin sa da hannunsa a ƙofar gidansa ranar Asabar, muddin ya san abu biyu: yadda wuta take tafiya a cikin mota, da kuma inda ya kamata hannunsa ya tsaya.

Bari mu fara da abin da ya same mu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekarun baya muna da wata 504 da muka gada. Muka sayo rediyo mai kaset, muka kai wa wani yaro a bakin titi ya ɗaura mana, muna tsaye muna gaggauta shi saboda muna da ɗaurin aure. Yaron ya jawo waya tun daga kan batir, ya zura ta cikin wata huda a jikin ƙarfen da ya raba injin da cikin mota, ya murɗa ta da wayar rediyo, ya naɗe da tef. Rediyo ya kama, muka biya, muka tafi muna murna. Bayan 'yan watanni, muna kan Titin Kotu da iyali a baya, sai muka ji ƙaurin roba, kafin mu ankara hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin sitiyari. Gefen ƙarfen nan ya yi ta cin robar wayar a hankali, duk ramin da muka faɗa sai ya ƙara yanka ta, har ranar da tagulla ta taɓa ƙarfe. Allah ya taimake mu wani bawan Allah mai shago ya rugo da sifana ya kwance kan batir, jama'a kuma suka taimaka da ƙasa. Mun tsira da motar, amma sai da aka sake wayoyin gabanta gaba ɗaya, a kan kuɗin da ya ninka na rediyon sau da yawa. Mun daɗe muna ɗora wa yaron laifi. Daga baya muka gane rabin laifin namu ne, domin muna tsaye aka yi aikin, kuma ba mu san abin da za mu tambaya ba. Tambayar kuwa guda ɗaya ce: ina fis?

A nan za mu ɗan daɗe, domin wanda ya fahimci fis ya fahimci rabin jawabin nan. Batirin mota yana ba da wuta bolt 12 ne kawai, shi ya sa ba ya jan mutum kamar wutar gida, shi ya sa kuma ake raina shi. Amma ƙarfin turawa daban, yawan wutar da ke kwarara daban. Batirin da yake iya juya inji da safe yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda. A mota, jikin ƙarfen motar gaba ɗaya shi ne hanyar da wuta take komawa batir, wato yana haɗe da kan batir mai alamar ɗebewa. Saboda haka duk wayar da ta fito daga kai mai alamar tarawa, idan ta sami ƙarfe ba tare da ta bi ta cikin fitila ko rediyo ba, to wuta ta sami gajeriyar hanya, za ta kwarara iya ƙarfinta, wayar ta yi ja kamar garwashi cikin daƙiƙoƙi. Fis wani ɗan siririn ƙarfe ne da aka ƙera musamman don ya riga waya narkewa. Ba rediyo yake tsaro ba, waya yake tsaro, wato mota da mutanen cikinta. Don haka idan fis ya ƙone, aikinsa ya yi, kuma saƙo yake ba ka cewa akwai matsala a wani wuri. Al'adar nan tamu ta naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin sigari, ko a cire na amfiya 10 a sa na 30 don kada ya sake damun mutum, daidai take da mutum ya kori maigadi saboda ya cika tashinsa idan ɓarayi sun zo.

Fis na zamani mai ƙafa biyu launinsa yana nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Tsofaffin motocin Jamus masu dogon fis mai tsini biyu suna da nasu tsarin launi daban, don haka a karanta lambar da ke jiki, kada a dogara da ido kawai. Ƙa'idar kuma ita ce, duk sabuwar wayar da aka ɗauko daga batir, a sa mata fis kusa da batir ɗin, kada nisan ya wuce kamu ɗaya ko biyu, domin duk tsawon da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai tsaro. Inda waya za ta ratsa ƙarfe kuwa, a bi da ita ta cikin zoben roba. Da an yi mana waɗannan abubuwa biyu, da ba mu ba ku labarin Titin Kotu ba.

Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba, filaya, sifana lamba 10, tef mai kyau, da 'yar mitar gwajin wuta wadda ake samu a Sabon Gari. Wannan mita ita ce idon mai aiki. Lafiyayyen batir, idan mota tana kashe, zai nuna wajen bolt 12.6. Idan inji yana aiki ya kamata ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4, alamar cewa altaneta tana caji. Wanda ya gwada bai ga haka ba, ya ajiye maganar fitila da rediyo tukuna, ya fara gyara caji, domin ba a ɗora wa gurgun jaki ƙarin kaya. Kafin a taɓa kowace waya, a kwance kan batir mai alamar ɗebewa, shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Sai dai a kula, rediyon asali na wasu motoci, irin su Honda da Volkswagen da Peugeot, yana kulle kansa idan wuta ta yanke, sai an danna masa lambar sirri. Wanda yake son ci gaba da amfani da nasa ya nemi lambar tun kafin ya kwance batir. Haka kuma duk waya ko soket mai launin ruwan ɗorawa da aka gani a ƙarƙashin kujera ko a jikin sandar sitiyari a motar da take da jakar iska, to na jakar iskar ne. Wannan ba wurin koyo ba ne, kada a gwada shi, kada a jona komai a jikinsa.

Mu zo kan fitilu. Tsohon ƙwan fitilar rufi zare ne a cikin gilashi, yana cin wat 5 ko 10, kuma mafi yawan abin da yake ci zafi yake zama, ba haske ba. Shi ya sa murfin fitilar tsofaffin motoci yake yin ja, wani lokaci har ya narke. Ƙwan wat 10 yana jan kusan amfiya ɗaya. Idan yaro ya bar ƙofa ba ta rufu sosai ba daga daren Juma'a zuwa safiyar Litinin, ya isa ya kwantar da batirin da yawancinmu muke amfani da shi, sai a wayi gari ana neman matasan layi su tura. Ƙwan LED yana ba da haske daidai da wannan ko fiye, da wat ɗaya ko biyu kacal. Farin LED ɗin nan bai samu ba sai bayan da wasu masana uku 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano yadda ake yin shuɗinsa a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2014. Yau ga shi ana sayar da shi a faranti a bakin kasuwa.

Sauya shi ba wuya. A ɓamɓare murfin a hankali da bakin sukundireba da aka naɗe da ƙyalle, domin robar da ta sha ranar Kano shekara ashirin ba ta da haƙuri. A cire tsohon ƙwan, a sa shi a aljihu a tafi da shi kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ko shagunan kayan mota na kan Titin Zariya, saboda dogon ƙwan nan mai kai biyu tsawonsa iri-iri ne, akwai milimita 31, da 36, da 39, da 41, kuma ido ba ya bambance su. Idan an sa sabon bai kama ba, kada a yi saurin cewa jabu ne. LED yana da gaba da baya, wuta hanya ɗaya take bi a cikinsa, a juya shi kawai. Idan fitila ba ta kamawa lokacin da aka buɗe ƙofa, galibi ba ƙwan ba ne, ɗan maɓallin nan ne na jikin ƙofa da ƙurar hunturu da tsatsar damina suka toshe. A kwance shi, a goge mazauninsa har ƙarfe ya fito fes, a mayar.

Shawararmu a kan launi, kuma wannan ra'ayinmu ne, ita ce a guji farin nan mai shuɗi-shuɗi da ake rubuta wa 6000K ko sama. Yana da ban sha'awa a shago, amma da dare yana kashe ido, direba ya ɗauki lokaci kafin ya sake ganin hanya sosai. Wanda yake tsakanin 3000K da 4000K ya fi sanyi a ido, kuma ya isa a ga canjin da ya faɗi ƙarƙashin kujera. A kuma zaɓi mai ɗan ƙarfen alminiyam a bayansa, domin zafi shi ne ajalin LED, motar da aka ajiye a rana a watan Afrilu kuwa cikinta tanda ne. Mai arha sosai zai fara ƙyaftawa kafin a sha ruwan damina. Araha dai ba ta ado.

Akwai ƙwai guda ɗaya da muke roƙo a ƙyale shi yadda yake. A cikin fitilun allon gaban direba akwai jar fitila mai hoton batir, wadda take kamawa idan an murɗa makulli, ta mutu idan inji ya tashi. A tsofaffin motoci da yawa wannan ba alama ce kawai ba. 'Yar wutar da take bi ta cikin zaren ƙwan ita ce take tayar da altaneta ta fara caji. Idan aka sa LED a gurbinsa, wutar da zai bari ta wuce ba ta isa ba, sai altaneta ta ƙi farawa, ko kuma sai an taka totur sosai. Mun ga wanda ya ƙawata allon motarsa da LED gaba ɗaya, bayan kwana biyu batir ya mutu, ya sayi sabo, shi ma ya mutu, aka kwance altaneta lafiyayya aka yi ta bincike, alhali maganin ƙwai ne na 'yan nairori da ya jefar a kwandon shara.

Game da igiyoyin fitila masu launi da matasanmu suke shimfiɗawa a ƙarƙashin kujeru da gefen ƙofofi, ba mu ce haramun ba ne. A ɗauko wutarsu daga layin da yake mutuwa idan an zare makulli, a sa musu ƙaramin fis, a ɗaure wayar nesa da birki da kuloci da totur, kuma kada haskensu ya bugi gilashin gaba. Amma ja da shuɗi masu walƙiya na motocin jami'an tsaro ne da na asibiti da na kashe gobara. Wanda ya sa su, idan jami'an kiyaye haɗurra ko 'yan KAROTA suka tsayar da shi a shataletalen Dangi, kada ya kira shugaban ƙungiya.

Sai rediyo. A nan tambayar farko ita ce, me kake so ka ji? Da yawa daga cikinmu abin da muke nema bai wuce labaran safe da shirye-shiryen siyasa na dare da kuma karatu ko waƙa daga waya ba. Idan rediyon motarka na asali yana da lafiya, ba dole sai ka cire shi ba. Akwai 'yar na'urar da ake sokawa a ramin kunna sigari, ta karɓi sauti daga waya ta Bluetooth, ta aika wa rediyo a kan wani zangon FM da babu tasha a kai. Ana samun ta a Farm Centre, nan cikin ƙaramar hukumarmu. Wahalarta ɗaya, tashoshin FM sun yi yawa a Kano, samun zangon da ba kowa sai an lalubo, kuma a wasu motoci ramin sigarin ba ya mutuwa idan an kashe mota, don haka a riƙa zare ta da dare.

Wanda ya ƙudura sai ya sake rediyo, ya fara auna ramin. Ma'aunin da aka saba shi ne faɗin milimita 180 da tsayin 50, babban kuma mai allo tsayinsa 100. Yawancin motocin shekarun 1980 da 1990 suna karɓar ƙaramin ba tare da an yanka komai ba. Amma akwai irin su Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda rediyonta da maɓallan na'urar sanyaya mota a haɗe suke a allo guda. Irin wannan sai da murfi na musamman, kuma ba aikin ranar farko ba ne ga mai koyo.

Idan na gwanjo za a saya, a kula da ƙasar da aka yi shi dominta. Rediyon da aka ƙera don kasuwar cikin Japan zangonsa na FM daga 76 yake farawa, tsofaffin kuma a 90 suke tsayawa. Zai kama maka Dala FM a kan 88.5 ka yi murna a shago, ka zo gida ka nemi Freedom a kan 99.5, tashar da Kanawa suke saurare tun 2003, ka tarar lambar ma ba ta kai can ba. Na Amurka kuma a zangon AM yana tsallake goma-goma ne, alhali tashoshinmu a kan tsarin tara-tara suke, sai ka ji tasha tana shigowa a karkace. Saboda haka a sa mai kaya ya jona shi a batir, a murɗa shi tun daga farko har ƙarshe kafin a biya.

Wayoyin bayan sabon rediyo suna bin launi sananne. Ruwan ɗorawa ita ce mai wuta kullum, wadda take riƙe agogo da tashoshin da aka adana. Ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli. Baƙa ta jikin mota ce. Shuɗiya ta eriya ce ko amfilifaya. Sauran takwas na sifiku ne, biyu-biyu: fari gaban hagu, ruwan toka gaban dama, kore bayan hagu, shunayya bayan dama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a murɗe ja da ruwan ɗorawa wuri guda a kai su batir, wai don a ji rediyo ko mota tana kashe. Ranar da aka manta shi a kunne, ko ma yana kashe amma allonsa yana ci, batir ne zai biya. Idan kuma aka ga rediyo yana manta tashoshi duk lokacin da aka kashe mota, an juya wayoyin nan biyu ne. Wannan yana yawan faruwa a Golf da Vectra, domin a soket ɗinsu mazaunin wayoyin biyu a juye yake. Launin wayoyin cikin motar kanta kuwa kowane kamfani da nasa, don haka mita ce za ta gaya maka wace ce wace, ba zato ba. Mafi alheri ma a nemi soket ɗin haɗi wanda ya dace da motar, a bar wayoyin asali ba a yanke ba. Inda dole sai an haɗa waya da waya, a yi da dalma ko da maƙalin da ake matsewa da filaya. Murɗawa da hannu a naɗe da tef ba ya jure zafinmu, gam ɗin tef ɗin narkewa yake yi ya zame.

Sau da yawa ma ba rediyon ne ya gaji ba, sifiku ne. Takardarsu ta sha ruwan da yake zuba cikin ƙofa, soson gefensu ya ruɓe, shi ya sa muryar mai labarai take fita kamar yana magana cikin gwangwani. Sabbin sifiku biyu a ƙofofin gaba sun fi sabon rediyo gyara sauti. A auna faɗi, galibi santimita 13 ne ko 16 da rabi, a kuma auna zurfi don kada gilashin taga ya daki maganaɗisun idan an sauke shi. Sifikar mota om 4 ce. Idan aka jera biyu a kan waya ɗaya sun koma om 2, rediyo zai yi ta zafi har ya ƙone. Kowace sifika kuma tana da ƙafar tarawa da ta ɗebewa. Idan aka juya ɗaya, takardarta za ta riƙa shiga lokacin da ta 'yar'uwarta take fita, sai kaurin sautin ya ɓace. Gwajin mai sauƙi ne: a taɓa wayoyin sifikar da ƙaramin batirin tocila na bolt ɗaya da rabi, idan takardar ta turo waje, wayar da ke kan tsinin batirin ita ce ta tarawa.

Kada lambobin jikin kwali su ruɗe mu. Rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau huɗu, abin da yake bayarwa na gaskiya bai fi wajen 20 ga kowace sifika ba, kuma ya wadatar. Amfilifayar da aka rubuta wa wat 3,000 kuwa, a duba fis ɗin jikinta. Idan na amfiya 20 ne, a ninka 20 da bolt 14, an sami 280. Ba za ta iya fitar da abin da ya fi wanda ta ci ba, sauran duk bakin ɗan kasuwa ne. Ita babbar amfilifaya ta gaske da akwatin wufa a but, tana iya jan amfiya 30 ko 40, alhali altanetar tsofaffin motoci da yawa ba ta wuce 50 zuwa 70 ba, kuma a ciki fitilun gaba da fanka da na'urar sanyi suke ci. Alamar an yi mata yawa ita ce fitilun gaba su riƙa lumshewa tare da bugun kiɗa. Tana kuma buƙatar waya mai kauri ta tagulla zalla. Akwai wadda ake sayarwa mai arha, alminiyam ce aka shafa wa tagulla, za a gane ta da rashin nauyi, idan an kankare kuma cikinta fari ne.

Tunda mun zo nan, bari mu faɗi abin da dattawa suka roƙe mu mu faɗa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a maƙwabtanmu yake, marasa lafiya da masu jinya suna kwana a ciki. Layukanmu cike suke da masallatai da makarantun allo da na Islamiyya, ga tsofaffi, ga masu jego. Sautin da yake girgiza gilashin gidan maƙwabci ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya tashi daga gyaran mota ya koma cutarwa. Shi kansa direban ba ya jin hon ɗin mai adaidaita sahu a gefensa, ba ya jin jiniyar motar asibiti a bayansa, kunnensa kuma yana mutuwa a hankali ba tare da ya sani ba.

Ina hannun mai mota ya kamata ya tsaya? Sauya ƙwai, goge maɓallin ƙofa, sauya fis da irinsa, sauya sifika, da ɗaura rediyo ta hanyar soket, duk waɗannan namu ne. Jawo waya daga batir, ɗaura amfilifaya, kwance allon gaban direba, fis ɗin da yake ta ƙonewa ana sakewa, da duk motar da kwamfuta take sarrafa wutarta, irin su Peugeot 307 da 406 na baya-baya, waɗannan na mai wayarin ne. Muna da ƙwararru a Unguwa Uku da Hausawa da nan Gyaɗi-Gyaɗi, wasunsu ma suna cikin zauren nan, kuma ba mu zo don mu rage musu ciniki ba. Mun tabbata su ma sun fi son mai motar da zai ba su lokaci, ya biya kuɗin waya mai kyau, ya tambaye su inda suka sa fis, a kan wanda zai tsaya musu a ka yana duba agogo kamar yadda muka yi wa yaron nan.

Ko da hannunka ka yi, ko ba da shi ka yi, kada ka mayar da murfi da sukurori sai ka gwada. Ka kunna komai na tsawon minti goma, ka bi sababbin wayoyin da hannu, wadda ta yi ɗumi ta yi ƙanƙanta ko haɗinta bai kama ba. Ka tayar da inji ka taka totur, idan ka ji wani siririn kuka a sifika yana hawa yana sauka tare da inji, baƙar wayar ba ta kama ƙarfe sosai ba, a kankare fenti a sake ɗaurewa. Ka kashe mota, ka zare makulli, ka rufe ƙofofi, ka tabbata babu abin da ya rage a kunne, washegari da safe kuma ka sake auna batir kafin ka tayar. Sannan a ajiye fis uku ko huɗu a aljihun gaban mota tare da sifana lamba 10, tukunyar kashe gobara kuma, wadda doka ma ta ce a riƙe, a ɗauko ta daga ƙasan but a kawo ta inda hannun direba zai kai.

Mai girma shugaba, mun ga ana ɗaga mana takarda cewa lokaci ya cika. Mun zo da mita da ƙwayaye da fis iri-iri, suna kan teburin da ke bakin ƙofa, duk mai son ya ga yadda ake gwajin batir ya same mu a wajen ajiye motoci bayan an tashi.